Ƙungiyar tarihin gari: yadda ake tara takardu da muryoyin dattawa, da yadda ake adana su

Mafi yawan tarihin ƙananan garuruwanmu ba a ofis yake ba. Yana cikin adakar gidan liman, da gafakar da ke rataye a zaure tun rasuwar mai ita, da akwatin ƙarfe na tsohon malamin haraji, da kawunan wasu tsofaffi da ba a cika shekara ba a rasa ɗaya ko biyu ba. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin tattara wannan ba sai ta mallaki gini ko mota za ta fara ba. Abin da ba makawa sai da shi shi ne littafin rajista, domin takardar da ba a san gidan da ta fito ba, ko hannun da ya miƙa ta, ta rasa rabin amfaninta ko da an ƙawata ta a cikin gilashi.

Su wa za su yi aikin

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa a fara. Dole a samu wanda ya iya karanta Larabci da ajami a rubutun hannu irin na da. Ba duk wanda ya yi Islamiyya ko ya karanta Larabci a jami'a ne zai iya ba, domin rubutun malamanmu na zaure tsarin Magrib yake bi: fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda idonsa ya saba da bugun Masar sai ya riƙa karanta ƙaf a matsayin fa. Alaramma ko wanda ya yi karatun zaure ya fi dacewa. Sai malamin makaranta mai ritaya da zai iya da rubutun hannun Turawan mulki, Ingilishi a Nijeriya, Faransanci a Nijar. Sai matashi mai hannu a kwamfuta. Sai mata, aƙalla biyu, domin namiji iyakarsa zaure, alhali labarin auratayya da zumunci da waƙoƙin niƙa da na daɓe a cikin gida suke.

Kafin a yi sallama a ƙofar kowa, a je a gaida hakimi ko dagaci da liman, a faɗa musu abin da ake nufi. A ba mai gari matsayin uban ƙungiya, amma kada shugabanci ko mabuɗin ma'ajiya su koma fada. Garuruwa da yawa suna da gidan sarauta fiye da ɗaya, kuma da zarar an ɗauki ƙungiya a matsayin ta gidan da ke kan gado, sauran gidajen za su rufe akwatunansu.

Rajista da gwamnati za ta iya jira. A Nijeriya hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ce ke yin ta, ƙarƙashin Kashi na F na dokar kamfanoni ta 2020, kuma sai za a buɗe asusun banki ko a nemi tallafi ake buƙatarta.

A fara duba abin da aka riga aka rubuta

A tura mutum biyu ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna. A can fayilolin lardunan Arewa suke, kowane lardi da alamarsa: KANOPROF, SOKPROF, ZARPROF, KATPROF da sauransu, sai SNP na sakatariyar Arewa. Abin da za a fi nema shi ne rahotannin ƙiyasin haraji da Di'o-Di'o suka rubuta a shekarun farko bayan 1903. A ciki akwai sunayen ƙauyuka, da yawan mutane da dabbobi, da sana'o'i, sau da yawa har da taƙaitaccen tarihin gunduma. A nemi garin da sunan gundumar da yake ciki a wancan zamani, ba da sunan ƙaramar hukuma ba, tunda tsarin ƙananan hukumomi na yanzu a 1976 ya zo. A kuma gwada rubutun sunan ta fuska daban-daban, domin Baturen da ya rubuta Katsena da Hadeija ba lallai ya rubuta sunan garinku yadda kuka saba ba.

Daga nan sai Arewa House, gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, da hukumar tarihi ta jiha in akwai, kamar ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa ko ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mutanen Nijar kuma su nufi ma'adanar ƙasa a Yamai da cibiyar bincike ta IRSH mai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Kada a ɗauki waɗannan rahotanni kamar yankan wuƙa. Tarihin da ke ciki galibi bakin hakimi ɗaya ne, ta hannun tafinta, zuwa kunnen mai neman haraji. Alƙaluman kuma na zamanin da ake ɓoye shanu saboda jangali ne, ana ɓoye samari saboda haraji.

Rajista da sharaɗin karɓa

Littafi mai bango mai ƙarfi, ɗinkakke, wanda ba a cire masa shafi. Duk abin da ya shigo a ba shi lamba a ranar, kafin a kwana: shekara, lambar kashin da ya zo a ciki, sannan lambar abin, misali 2025/007/03. A gaban lambar a rubuta kwanan wata, da wanda ya kawo, da ainihin mai kayan tun farko, da inda ake ajiye su a gidan, da yawan warƙoƙi, da halin da suke ciki, da sharaɗin da aka karɓa a kai. A jikin takardar kuma a sa lambar da fensir mai laushi, 2B, a kusurwar baya. Ban da biro, ban da hatimin roba.

Kayan gida ɗaya su zauna tare, a jerin da aka same su. Akwai sha'awar a ware wasiƙu gefe, rasit gefe, waƙoƙi gefe, a haɗa da na sauran gidaje. Kada a yi. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, idan an same ta tsakanin rasit ɗin harajin 1938 da na 1940 a akwatin mutum ɗaya, ta riga ta ba da alamar zamaninta da ta mai ita. Ana zare ta daga nan shi ke nan, alamar ta tafi.

Hanya uku ake karɓar kaya: kyauta, ko ajiyar amana da mai shi zai iya karɓa, ko aro don a ɗauki hoto a mayar. Ga sabuwar ƙungiya ta ukun ce ta fi, kuma mafi kyawunta a ɗauki hoton a zauren mai kayan yana kallo. Idan dole sai an tafi da su, a ƙirga warƙoƙin a gabansa, a rubuta takarda kwafi biyu da shaida, a mayar cikin mako biyu, a sake ƙirgawa a gabansa. Aro ɗaya da bai dawo ba ya isa ya rufe wa ƙungiya ƙofofin unguwa. A tuna kuma littattafan mamaci kayan gado ne, magaji ɗaya ba shi da ikon kyautar da abin da yake na kowa, don haka a nemi sa hannun babban gida da wani daga cikin sauran magada. Kundin malami, wanda ya ƙunshi laƙani da addu'o'in gida, ba a ɗaukar hotonsa sai da izini na musamman, ko da a akwati ɗaya aka same shi da sauran.

Kada ƙungiya ta sayi tsohon littafi. Ranar da aka ji ana biya, yara za su fara zare warƙoƙi daga adakar iyayensu. Ga kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, wadda ta hana cinikin kayan tarihi ba lasisi da fitar da su waje ba izini.

Ranar da aka buɗe akwati

A fito da shi inuwa, inda ba iska, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Kowa ya sa takunkumi, ya wanke hannu ya bushe sarai. Da hunturu a kula da man shafawa, yana barin tabon da ba ya fita. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton akwatin a buɗe yadda aka same shi.

Littattafan malamanmu ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi biyu, an ɗaure da tsirkiyar fata, kuma yawanci ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar da marubuci yake sawa can ƙasan bayan warƙa, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. A fara sa lamba da fensir a jerin da aka tarar, ko da a hargitse yake, sannan mai karatu ya zauna ya bi kalmomin nan ya gano jerin gaskiya. Ta haka ake gane an rasa warƙa, ko littafi biyu ne suka cakuɗe.

Ƙura da burushi mai laushi ake share ta, daga tsakiya zuwa baki. Kada ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma ya kusanci rubutu, kada a lashi yatsa don buɗe shafi, domin tawadar gawayi da ƙaro da ruwa ake wanke ta. Akwai kuma tawadar bagaruwa da aka haɗa da ƙarfe. Ita cin takarda take yi: za a ga rubutun ya yi ja-ja ya nashe ta baya, wani wuri harafin ya zube ya bar rami da siffarsa. Irin wannan warƙa ba a ɗaga ta da yatsa, sai a zura mata kati a ƙasa a ɗauka. Takardar da ta daɗe a naɗe kada a tilasta mata buɗewa a tsakiyar hunturu, karyewa za ta yi a kan naɗin. A jira lokacin da iska ta yi laima, a buɗe a hankali, a danne tsakanin fararen takardu da wani abu mai ɗan nauyi na kwana biyu.

Ɓarnar da ta fi yawa daga masu kyakkyawar niyya take zuwa. Salatif yana bushewa ya faɗi, gam ɗinsa ya shige cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. Laminatin da zafi yake manne roba a jikin takarda, kuma ba a iya cire shi lami lafiya. Takardar naɗin sarauta ko satifiket da aka yi wa shi an gama da ita. Fil da kilif tsatsa suke yi su huda wurin. Robar ɗaure kuɗi narkewa take yi ta manne. A cire na ƙarfe da na roba a hankali. Salatif ɗin da ya riga ya kama a bar shi, cire shi aikin ƙwararre ne. Abin da ya yage a sa shi cikin naɗaɗɗiyar farar takarda yadda yake.

Idan an ga ƙwaro mai rai, ko garin takarda sabo a ƙasan akwati, kada kayan su shiga ma'ajiya. A naɗe su, a sa a leda mai kauri, a fitar da iska a ɗaure tam, a sa a firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifiri na mako biyu ba yankewa. Idan wuta ta ɗauke har firizar ta saki, lissafi ya koma farko, shi ya sa mai aiki da sola ta fi. Bayan an fitar, a bar ledar a ɗaure kwana ɗaya, don raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda. Kaset da hoton da ke kan gilashi ba sa shiga firiza. Fiya-fiya da sauran maganin feshi kada su taɓa takarda: suna ɓata ta, suna kuma cutar da wanda zai karanta ta gobe.

Takardar da ruwa ya jiƙa, cikin kwana biyu fumfuna take fara kama ta. A shimfiɗa a inuwa, a sa fanka tana kaɗa ɗakin ba kai tsaye a kanta ba, a riƙa sauya fararen takardu a tsakani. Ba a shanya ta a rana. Fumfuna kuma sai ta bushe ake share ta, a waje, da takunkumi.

Gano shekarar takarda

A duba ƙarshen littafi, inda mai kwafi yake ambaton sunansa da ranar da ya gama. Don mayar da shekarar Hijira ta Miladiyya, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622: 1321 za ta ba da 1903. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya, saboda haka a rubuta duka biyun a rajista.

Waƙoƙin ajami da yawa kuma da ramzi suke rufewa, wato kalmar da jimillar haruffanta ke ba da shekara. A nan ake yawan faɗawa rami, domin lissafin haruffa na Magrib da malamanmu suke bi ya saɓa da na Gabas. A na Magrib shin 1000 ne, sin 300. A na Gabas shin 300 ne, sin 60. Ramzin da ya ƙunshi shin da sin da kaf da alif, a lissafin Magrib 1321 ne, a na Gabas kuwa 381, shekarar da ba ta da alaƙa da waƙar.

A kuma ɗaga warƙar a hango ta a haske. Idan aka ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, irin wadda ake yi a arewacin Italiya ce, ana kawo ta ta hamada. Wannan yana nuna tsufa, amma ba ya ba da shekara, tunda an daɗe ana yin irinta kuma takarda tana iya shekaru a ajiye kafin a yi rubutu a kanta.

Ɗakin ajiya

Ɗaki na ciki, mai silin, wanda bangonsa ba ya shan ranar yamma, kuma rufinsa ba ya yoyo. Kanta ta ƙarfe, ba katako ba saboda gara. Matakin ƙasa ya ɗaga daga daɓe santimita 15, a kuma janye kantar daga bango yadda mutum zai iya leƙa bayanta. Da damina kowane mako a duba gindin bango ko gara ta fara gina hanya. Dare kaɗan take buƙata. Ba abinci a ɗakin, ba janareta ko fetur kusa, a rataye abin kashe gobara a bakin ƙofa.

A sayi ƙaramar na'urar auna laima, a riƙa rubuta abin da ta nuna safe da yamma. Tsakanin kashi 35 da 55 cikin ɗari ake so. Idan ta zarce 65 ta kwana biyu uku a haka, kamar yadda ake gani a Agusta, fumfuna na tafe: a kunna fanka, a buɗe taga da rana in an yi sarari. Da hunturu kuma laimar tana faɗuwa ƙasa sosai, takarda ta yi ƙamas, fata ta tsattsage, don haka a rage taɓa tsofaffin kaya a lokacin. Na'urar sanyaya ɗaki da za ta yi awa uku ta mutu ta fi rashinta illa, domin hawa da saukar zafi da laima shi ke gajiyar da takarda.

Kwalin da ba shi da asid shi ne na ƙa'ida. Inda bai samu ba, a naɗe kowane littafi da akoko da aka wanke sau biyu don sitacin ya fita, tunda sitaci abincin kyankyaso ne, sannan a kwantar da shi a akwati. Kada jarida ko kwalin kayan shago su taɓa takarda kai tsaye. Ganyen darbejiya da wasu ke sawa, a ƙulle shi a ƙyalle a gefen kanta, ba tsakanin shafuka ba, kuma kada a dogara da shi, ba ya hana gara.

Hotuna da safar hannu ake taɓa su. A bayan kowanne, can gefe, a rubuta sunayen mutanen daga hagu zuwa dama da fensir, ba dannawa. Wanda ya manne da gilashin firam a bar shi a ɗauki hotonsa a haka. Nagetif ɗin da ya fara tsami mai hawa hanci ya soma ruɓewa, a ware shi daga sauran a fara kwafarsa.

Kwafi a kwamfuta

Warƙoƙi masu rauni da kyamara ake ɗauka, an kafe ta a sama tana kallon ƙasa daidai, fitila biyu hagu da dama a karkace, ba filasha. A ajiye rula da katin lambar rajista a gefe. A ɗauki gaba da baya, har da shafin da ba rubutu, har da tadarishi. Kada ƙarfin hoto ya gaza ɗigo 300 a inci ga takarda, 600 ga ƙananan hotuna. Uwar kwafi a ajiye ta a tsarin fayil na TIFF, ba a gyara ta. Wadda za a raba wa mutane a fitar da ita a JPEG. Shafi mai girman A4 a ɗigo 300 yana cin kusan megabait 26, a yi lissafin wurin ajiya da wannan.

Sunan fayil ya zama lambar rajista, misali 2025_007_03_001a, ba haruffa masu ƙugiya a ciki, domin wasu na'urori suna dagula su. Kwafi uku: ɗaya a kwamfutar ƙungiya, ɗaya a faifan ajiya da ke wani gida dabam, ɗaya a intanet ko a hannun wata jami'a. Sau ɗaya a shekara a buɗe fayiloli daga kowanne a tabbatar suna buɗuwa, faifan kuma a sauya shi bayan kamar shekara biyar. Abin da aka tura ta WhatsApp ko aka ɗora a Facebook an matse shi, ba ya cikin ukun nan.

Akwai shirin ɗakin karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya fara a 2004 kuma ya tallafa wa ayyuka a Arewacin Nijeriya. Asalin takardu a ƙasarsu suke zama, amma kwafin ana sa shi a intanet kowa ya gani. A faɗa wa masu kaya wannan ƙarara kafin a cike takardar neman.

Hira da dattawa

Wannan ne aikin da ba ya jira, don haka a jera sunaye bisa shekaru da lafiya, a fara da wanda aka fi jin tsoron rasawa. Kada a tsaya a fada. Sarkin maƙera, da sarkin pawa, da marina, da wanzamai, da maroƙa masu riƙe da kirari da jerin sarakuna, da ungozoma, da jakadiya, da tsofaffin dogarai da ma'aikatan En'e, da alhazan da suka tafi Makka ta Chadi da Sudan, kowa da ɓangaren da shi kaɗai ya sani.

Zuwan farko gaisuwa ce kawai, da ɗan goro. A zuwa na biyu ake kunna rikoda. A nemi wuri nesa da injin niƙa da bakin titi, a kashe fanka, a ajiye makirfo kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, mai ɗauka kuma ya sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe. A saita rikodar ta ɗauka a tsarin WAV, kilohaz 48, bit 24. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya in layi biyu ne. A farkon ɗauka a faɗi rana da wuri da sunan mai magana da na mai tambaya, sannan a nemi izini da baki a cikin rikodar: "Baba, kun yarda a ajiye wannan magana, jikoki da ɗalibai su saurara?" Awa ɗaya ta isa zama guda. Kuma mutum ɗaya a lokaci ɗaya, domin a taron dattawa babba ne ke magana, saura su ce haka ne.

Kada a tambayi tsoho shekara. A tambaye shi abin da ya faru kusa da lokacin, sannan a auna da abubuwan da aka san shekarunsu: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, annobar marisuwa a 1918, saukar jirgin sama a Kano a 1925, yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙin dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Kowane gari kuma yana da nasa, gobarar kasuwa ko shekarar fari ko naɗin wani hakimi; ƙungiya ta haɗa jadawalinta, zai yi mata aiki a kowace hira. Tambayar "lokacin kin yi aure?" ko "wa ke sarauta?" ta fi "wace shekara?" fitar da amsa.

Bayan kowane labari a tambaya: kun gani da ido, ko wa ya faɗa muku? Dalili shi ne abin da aka karanta a littafin firamare ko aka ji a rediyo yana komawa bakin tsofaffi ya fito kamar gadon kaka. Labarin Bayajida ya shiga tarihin garuruwa da yawa ta wannan hanya. Jerin sarakuna kuma yana tsukewa: a tsallake wanda aka tuɓe, ko wanda bai daɗe ba, ko a haɗe masu suna ɗaya su zama mutum guda. Idan ruwaya biyu suka saɓa, a ajiye kowace da sunan mai ita. Ba aikin ƙungiya ba ne ta narka su ta fitar da ɗaya.

A rubuta hirar cikin mako guda, da karin harshen mai magana yadda ya faɗa. Basakkwace ko Ba'are kada a mayar da shi Bakano a kan takarda. Tsofaffin kaset da aka samu a gidaje kuma, a duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren bai faɗi ba, a juya da hannu a ga bai manne ba, sannan a kunna sau ɗaya ana kwafa.

Abin da ake nunawa da abin da ake rufewa

Ƙungiyar da ba ta nuna komai, mutane za su gaji da ba ta. Mafi sauƙin taro shi ne ranar hotuna: a kafa tebur a makarantar firamare, kowa ya kawo na gidansa a kwafa nan take a mayar masa, a kuma baje waɗanda ba a san mutanen ciki ba dattawa su faɗi sunaye, wani na rubutawa. Sai zagayen gari da ɗalibai, a bi sawun ganuwa da ƙofofi da marina da tsofaffin rijiyoyi, ana ɗaukar hoto da lambobin wurin a waya kafin a yanka su fuloti. A riƙa ajiye na yau ma: hawan salla, farashin hatsi a kasuwa, takardun zaɓe, ambaliya. Duk abin da za a kafa a bango kwafi ne. Asali haske yana kashe masa launi.

Wasu abubuwan kuwa rufe su ake yi. Hira za ta ambaci asalin bauta na wani gida, ko cikin shege, ko yadda aka ƙwace wata gona, kuma jikokin suna nan da ransu. A ba mai magana damar cewa a rufe wani sashe shekara 20 ko 30, ko sai bayan ransa, a rubuta haka a rajista da jan biro, kuma fayil ɗin kada ya zauna a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Za a zo neman takarda don shari'ar gona ko takarar sarauta. Ƙa'idar ita ce abin da yake a buɗe, a buɗe yake ga ɓangarorin biyu, kwafi ake bayarwa da lambar rajistarsa, ƙungiya kuma ba ta rubuta wa kowa wasiƙar cewa shi ne mai gaskiya. Mai bincike, ko farfesa ne, a ɗakin yake karatu, da fensir, kashi ɗaya a lokaci ɗaya, ya sa hannu a littafin baƙi. Mabuɗi biyu ne a hannun mutum biyu, kuma tsarin mulkin ƙungiya ya ambaci sunan jami'a ko hukumar tarihin da za ta karɓi kayan kyauta idan ƙungiyar ta daina aiki, na amana kuma a mayar wa gidajensu bisa abin da rajista ta nuna.